Lambar Waya Ɗaya, Ido Goma Sha Huɗu

Mutumin nan, daga bakin titi har ƙarshen layi babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Matsala ake ce masa, don duk abin da ka kawo masa amsar ke nan. Fankar mai aski ta tsaya, ya ce ba matsala, ya kwance ta ya mayar, ta koma zuƙar iska maimakon hurawa, ga noti uku sun yi saura a tafin hannunsa. Famfon gidan da yake zaune ya fara ɗiga, ya ce ba matsala, kwana biyu maƙwabta na kwashe ruwa da bokiti daga ɗakunansu. Shi dai sunan da ransa ke so Injiniya, kuma akan kira shi haka in ana neman abin dariya.

Shekararsa shida yana aiki a shagon tabarau na surukinsa, wani dattijo marar yawan magana da kowa ke kira Mai Tabarau. A shekara shidan nan aikinsa bai wuce biyu ba: ya goge gilashi da wani rawayan ƙyalle, ya ɗaure ƙafar tabarau in ta kwance. Abin na cin ransa ba kaɗan ba. Ya tsani ƙyallen nan kamar me, kuma ya tsani akwatin katako da ke bayan kanta, inda tsohon ke jera katunan mutane. Kowane kati da sunan mai shi, da lambar waya, da awon idon dama da na hagu, shekara talatin ana tarawa.

Sai kuwa gwiwa ta matsa wa tsohon, likita ya ce sai ya je wani gari a kwantar da shi kwana goma. Ranar tafiyar ya kira Ba-Matsala da matarsa Auta, wadda ita ce ƙaramar 'yarsa, ya ce ya gaji, yana son ya huta. In ya dawo ya tarar da shago yadda ya bar shi, makullin ya zama na Ba-Matsala har abada. Aiki ɗaya ya bar masa. A makon da ya wuce ya auna idon mutanen layi, ga katunan arba'in da biyu, kowa ya riga ya zaɓi firam ɗinsa. A kwafe awon a kai wa mai yanka gilashi, in ya yanko a ɗaura, a miƙa wa kowa nasa.

"Ba matsala, Baba," in ji shi.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau, sannan ya shiga mota.

Ashe mutumin da shirinsa. Wata uku da suka wuce ya shiga kwas ɗin rumbun bayanai a makarantar kwamfuta da ke saman kantin magani. Kwas ɗin na wata uku ne, shi kuwa mako uku ya yi. A makonni ukun ya ji Malama ta ce kowane irin abu da teburinsa, mutane daban, kayansu daban, sai a ƙulla alaƙa tsakaninsu. Ta ce kowane mutum a ba shi lambar shaida tasa shi kaɗai, wadda ba ya tarayya da kowa, don da ita ake ɗaure teburan. Nan ya ɗaga hannu ya ce wannan wahalar da kai ce, ina dalilin ƙirƙiro wa mutane lamba alhali kowa na yawo da lambar waya a aljihu? Malama ta ce ya zauna tukuna, za a zo wurin. Bai zauna ba. Ya tattara takardun darasi ya sauko, ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa matar nan hassada take masa, ta ga zai fi ta.

Takardun kuwa suka koma abin ɗora kofi a ɗaki. Auta ce ke zare su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa in ta gama aiki, shi ko a jikinsa.

Motar tsohon ba ta gama shan kwana ba ya cicciɓo kwamfuta ya dire a kan kanta. Ya leƙa waje ya sanar da layi cewa zamanin kati ya ƙare, daga yau shagon nan rumbu zai koma, ka faɗi lambar wayarka na'ura ta zayyano idonka tun daga haihuwa. Mai aski ya tambaya ko wannan ma za ta riƙa zuƙar iska ne. Ba-Matsala ya ce jahilci ciwo ne, amma ba matsala, za a yi maganinsa.

Gaskiya dai a faɗe ta, teburansa uku sun yi kyau: na mutane, na awon ido, na oda. Duka ukun ya ɗaure su da lambar waya. Ya fara shigar da katuna yana fito, har ya kai na mai aski ya wuce lafiya. Da ya zo kan katin mahaifiyar mai aski sai na'ura ta yi jan rubutu, wai wannan lambar akwai mai ita. Ya sake bugawa, ta sake yin ja. Ya ce Malama ma bai bari ta yi masa gardama ba, balle ƙarfe. Ya tona nan ya tona can har ya gano inda ake rufe mata baki, ya saita cewa duk wanda ya zo daga baya ya hau kan na farko ya zauna. Jan rubutu ya ɗauke ɗif.

Auta na tsaye a bayansa tana jera firam a faranti. Ta ce, "Baban yara, mai aski da mahaifiyarsa lambarsu ɗaya fa."

"To sai me? Ba gida ɗaya suke ba?"

"Gida ɗaya suke, amma ba da ido ɗaya suke gani ba."

Ya juyo ya tambaye ta mako nawa ta yi a makarantar kwamfuta. Ta ce ko ɗaya. Ya ce to shi uku ya yi, ta lissafa bambancin. Ta ƙara tuna masa cewa akwai tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi a layin da ba su da waya, lambar mai kanti suke bayarwa in an tambaye su, ita da idonta ta ƙirga kati bakwai masu lambar mai kanti. Ya ce wannan ai alheri ne, rumbu zai yi sauƙin ɗauka. Da ya gama, kati arba'in da ɗaya suka shiga, bai lura ɗaya ya faɗi ba, teburin mutane ya nuna ashirin da biyar. Ya kira ta ta zo ta ga yadda ilimi ke rage cunkoso.

Kwana biyu ya ƙara yana shigar da tsofaffin katuna, har yatsunsa suka yi tsami a kan na ɗari huɗu. Ya dubi dubban da suka rage ya yanke hukunci cewa masu su ko sun mutu ko sun ƙaura. Ya juye akwatin kaf cikin buhu, sabo da tsoho, ya ce a ba mai kwashe shara. Auta ta ce ya kawo ta kai masa, kada buhu ya ɓata wa Injiniya riga. Wannan maganar ta yi masa daɗi ƙwarai.

Kafin ya buga takardar oda sai wani tunani ya zo masa. Idonsa garau yake, yana hango lambar mota daga ƙarshen layi, amma ina aka taɓa ganin injiniya ba tabarau? Ya zaɓi baƙin firam mai kauri, ya shigar da kansa da lambar wayarsa, ya rubuta gilashi marar magani. Yana gamawa Auta ta miƙo masa katin da ya faɗi ƙarƙashin kujera, na Kaka, kakarta ta wajen uwa da ke zaune tare da su. Kaka ba ta da waya, lambarsa take bayarwa. Ya shigar ba tare da ya ko duba ba, na'ura kuma ba ta ce uffan ba tunda an riga an koya mata ladabi. Ya buga takarda ya kai wa mai yanka gilashi. Mutumin ya ɗaga gira ya ce awo iri ɗaya sak har sau bakwai? Ba-Matsala ya ce ya yanka abin da ya gani, tunani ba aikinsa ba ne.

Rana ta shida gilasai suka iso. Ya dace Auta na taron iyaye a makarantar yara, don haka shi kaɗai ya ɗaura ya raba. Mai aski ne ya fara saka nasa, ya miƙa hannu zai dafa kanta ya dafa iska. Ya ce yana ganin Injiniya biyu, kuma ɗaya ma ya ishi layin. Ba-Matsala ya gyara murya ya jawo maganar da ya sha ji a bakin surukinsa: sabon tabarau sai ido ya yi kwana uku kafin ya saba. A bakin tsohon gaskiya ce. A bakinsa kuwa ta zama bargon rufe komai, duk wanda ya ce ƙasa na tasowa ko bango na gudu, kwana uku. Ya ƙara da nasa, wai wanda ya cire kafin wa'adi idonsa zai rikice gaba ɗaya, kuma ba ruwan shago.

Da shago ya yi shiru ya ɗauko nasa ya saka a gaban madubi. Madubin ya ɓace. Ƙofa ta zama wani farin hayaƙi, kwamfutarsa ta koma kamar an jiƙa ta a ruwa. Tsoro ya kama shi na gaske, amma ya tuna kwana uku, ya yarda da ƙaryar kansa. Ya sauke tabarau ɗin zuwa ƙarshen hanci ya riƙa leƙe ta sama, ya ga ai haka ma ya fi kama da manyan masana.

Ba kowa ne ya koka ba. Duk wanda katinsa ya shiga a ƙarshe ya sami nasa daidai. Kaka ta saka nata ta zura zare a allura bugu ɗaya, ta dube shi ta ce ashe haka kunnuwansa suke. Tsohon maigadin makaranta, wanda shi ne na bakwai a lambar mai kanti, ya zo har shago ya sara masa, ya ce rabonsa da ganin ganyen bishiya ɗaiɗai tun yana saurayi. Gilashinsa kaurin gindin kwalba ne. Irinsa sak mutum shida ke yawo da shi a layin, ciki har da mai kanti da tela.

Rana ta bakwai layi ya fara rikicewa. Mai kanti ya auna wa wata mata garin sabulu a madadin sukari, kuma ya rantse sukari ne har sai da mijinta ya zo da kumfa a baki. Tela ta ɗinke hannun riga da wuyanta wuri ɗaya, mai rigar ya shiga ya kasa fita, sai da almakashi. Mutum biyu daga cikin masu gindin kwalba suka yi karo a bakin famfo, kowa ya ba kowa haƙuri, suka kauce gefe ɗaya suka sake karo. Da yamma ana ganin mutane na tafe suna ɗaga ƙafa sama kamar masu tsallake kwata, alhali ƙasa shimfiɗe take.

Rana ta takwas shugaban makaranta ya zauna a kujerar mai aski ya ce a ɗan rage masa gashin baki. Gashin bakin nan shekara ashirin yana renonsa, ɗalibai na gane fushinsa daga yadda yake motsi. Mai aski ya auna da idon mahaifiyarsa ya kai inji. Rabin dama ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Shugaban ya fito da hannu a baki ya nufo shagon tabarau, mai aski na biye da shi yana laluben bango.

Ba-Matsala ya tare su a ƙofa ya ce saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, kuma gashi ai tsirowa yake. Ya ce duk mai ƙorafi ya zo gobe da hantsi, ya shirya taron buɗe sabon tsari, a gaban kowa zai nuna cewa na'ura ba ta kuskure. Ya ma nemi aron talabijin ɗin shagon aski don jama'a su gani da girma. Mai aski ya ce zai kawo da kansa, ko a kai zai ɗauko, wannan kallon ba zai wuce shi ba.

A gida Auta ta roƙe shi. Ta ce ya aika a karɓo gilasan tun kafin wani ya karye, ya ba kowa lambarsa daban, ita za ta taya shi, kafin Baba ya dawo jibi an gyara rabi. Ta ce tsoro take ji, sunan mahaifinta ne a saman ƙofar shagon nan. Ya ce mata makulli ya riga ya shigo aljihunsa, ta fara tunanin launin da za a yi wa sabon allo, don sunan da ke sama ma canzawa zai yi. Ranta ya ɓaci sosai, ta ɗauki kofinsa ta zare takardar ƙarshe da ke ƙarƙashi.

Hantsin rana ta tara aka jera kujeru a gaban shago. Ba a taɓa taro a layin ya cika haka ba, har da waɗanda idonsu lafiya lau. Ba-Matsala ya fito da kwat da baƙin tabarau a ƙarshen hanci, ya haɗa kwamfuta da talabijin, teburansa uku suka bayyana ɓaro-ɓaro. Ya yi jawabi mai tsawo a kan alaƙa da lambar shaida. Ya kira Kaka da maigadi shaida, suka yabe shi tsakani da Allah. Har ya fara jin daɗin kansa.

Sai mai aski ya ɗaga hannu. "Injiniya, naka ma na'urar ce ta fitar?"

"Ita ce mana."

"To me ya sa tun ɗazu kake leƙenmu ta sama? Tura shi ciki mu gani."

Jama'a suka ce ƙwarai, a tura. Ba-Matsala ya yi 'yar dariya ya ce ba matsala, ya sa yatsa ya tura tabarau har gindin hanci. Duniya ta narke. Idanunsa kuwa, ga masu kallo, suka kumbura suka cika gilashin kamar na saniya. Kaka ta ƙura masa ido ta ce ikon Allah, yau ga yaron nan ya yi kama da ita.

A daidai lokacin wata mota ta tsaya a bakin layi, wani dattijo mai farar riga ya fito yana dogara sanda, ya sami kujera a gaba ya zauna. An sallame shi kwana ɗaya kafin lokaci. Kowa ya gan shi, kowa ya gane shi, kuma babu wanda ya yi tari. Mai aski har da ɗora yatsa a leɓe. Auta ta yunƙura za ta yi magana, tsohon ya girgiza mata kai. Shi kuwa mai jawabi abin da ya gani wani farin abu ne ya ƙaru a cikin fararen abubuwa.

Mai kanti ya miƙe, ya fuskanci inda yake zaton Ba-Matsala yake, wato wajen sandar lantarki, ya ce a buga lambar wayarsa a nuna masa idonsa. Ba-Matsala ya lalubi madannai, ya yi kuskure sau huɗu, a na biyar lambar ta shiga. Talabijin ya nuna sunan maigadi, da awon maigadi, da oda bakwai rataye a ƙasa. Shugaban makaranta, hannunsa har yanzu a kan rabin bakinsa, ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Tela ta ce to ita ina take? Mai kanti ya ce lambarsa ce, wayarsa ce, ya aka yi ya zama maigadi? Mutum shida suka taso a tare, biyu suka nufi wajen da ba shi ba.

Gumi ya karyo masa har cikin kwat. Ya ce a kwantar da hankali, ɗan maimaici ne, yanzu zai goge layin nan ɗaya ya sake shigarwa. Ya kai hannu ya danna abin da yake zaton layin maigadi ne. A talabijin kowa ya ga teburin mutane ya yi shuɗi daga sama har ƙasa. Wani akwati ya fito yana tambaya ko ya tabbata, don duk awo da odar da ke rataye da mutanen nan za su bi su.

"Baban yara, kada ka danna. Duka ka zaɓa," in ji Auta.

Da ya sauke tabarau ɗin da faɗin yatsa ɗaya da ya gani. Amma mai aski na tsaye a gefensa yana jira, kuma matarsa ce ta gyara masa a gaban mutane. Ya ce mako uku ya yi, ya san abin da yake yi, ya danna. Teburan uku suka yi fari fat, ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban makaranta ya tambaya a hankali ko ya ajiye kwafi a wani wuri. Ba-Matsala ya ce kwafin me? Auta ta ce a mako na huɗu ake koyar da wannan. Dariyar da aka yi har mai kantin magani sai da ya leƙo, Malama ma ta fito barandar sama tana kallo da hannu a ƙugu.

Mutum in ya ga zai nutse komai ya samu kamawa yake. Ba-Matsala ya ɗaga murya ya ce laifin ba na na'ura ba ne, na katunan ne. Ya ce duk wanda ya san rubutun surukinsa ya san kamar kaza ta yi tono ne, tsohon ya tsufa, hannu na rawa, ido ya tafi, shekara talatin yana cutar mutane da akwatin katako, shi ne ma ya taimaki layin da ya ba mai shara katunan. Ya lalubo farin abin da ke kujerar gaba ya dafa kafaɗarsa don neman mai goya masa baya.

"Dattijo, kai da ka ga jiya ka ga yau, don Allah faɗa musu. Irin tsofaffin nan ba sai a gida ba?"

Dattijon ya ce, "Cire tabarau ɗin."

Muryar kaɗai ta isa. Ya cire da hannu biyu. Ga surukinsa nan tas, har da zaren da ya fito a wuyan rigarsa, ga hannunsa shi kuma a kan kafaɗar. Ya janye hannun ya rasa inda zai ajiye shi. Kunya ta rufe shi, ya ce Baba sannu da hanya, yaya gwiwa.

Tsohon ya tambaya da gaske ne katunansa na wurin mai shara? Duk wanda ke wurin ya ji tausayinsa. Auta ta shiga shago, ta ja labulen ɗakin awo, ta jawo buhu har gaban mahaifinta. Ta ce jaridu ta ba mai shara. Katunan arba'in da biyu na sama ta ɗaure su daban da roba. Tsohon ya zare na mai aski ya duba, ya zare na tela, ya ce kowa ya cire abin da ke fuskarsa ya ajiye a faranti, za a sake yankawa, kuma ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya da sunan shagonsa. Ya fi daɗewa a kan shugaban makaranta.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa makullin shagon. An saka masa sabon zobe, da ɗan allon roba a jiki. Ya juya allon yadda Ba-Matsala zai gani, kuma da idonsa garau ya karanta abin da aka rubuta da rubutun nan na tonon kaza: Injiniya.

Tsohon ya ce a gadon asibiti ya rubuta. Ya yi tunani ya ga shekara shida ba kwana shida ba ce, ya yanke shawara ko shago ya yi ƙura, ko an yi rashin ciniki, zai ba shi. "Da zama kawai ka yi ka kwafe kati arba'in da biyu da biro, da yanzu yana hannunka."

Ya cire allon daga zoben ya miƙa masa, makullin kuma ya miƙa wa Auta.

Mai aski ya ce to a taimaka a fitar da na'urar nan daga layi kafin ta ci wani. Auta ta ce a'a, na'ura na nan. Ta ce teburan uku daidai suke, igiyar da aka ɗaure su da ita ce ruɓaɓɓiya. Ta zauna a gaban kwamfutar a gaban kowa, ta ƙara gurbi ɗaya a teburin mutane, ta buɗe wa jan rubutu bakinsa. Ta shigar da mai kanti ya zama lamba ɗaya, tela lamba biyu, maigadi lamba uku, dukansu da waya guda, kowa da idonsa. Daga barandar sama Malama ta tafa sau biyu ta koma ciki. Tsohon ya matso da kujera yana kallo, ya ce a dai bar masa akwatinsa a inda yake. Ta ce ko motsa shi ba za a yi ba.

Ba-Matsala ya ga jama'a sun fara watsewa, sai ya ɗan farfaɗo. Ya bi mai aski yana cewa ai shi ya horar da ita, takardunsa ta karanta, dama shirinsa ke nan tun farko. Mai aski ya ce haka ne, ya taimaka ya kama masa talabijin ta wancan gefen, amma kada ya taɓa komai a bayanta.

Da ya dawo ya tarar Auta ta buɗe tebur na huɗu, na ma'aikata. Ta shigar da kanta, ta shigar da shi, ta ba shi lambarsa shi kaɗai wadda ba ya tarayya da kowa. Ta tsaya a gurbin aiki ta ɗago kai ta tambayi mahaifinta me za ta rubuta. Tsohon ya jawo aljihun kanta, ya fito da rawayan ƙyallen nan, ya kakkaɓe shi, ya ɗora a kan farantin firam arba'in da 'yan kai da yatsun mutane suka yi wa dabbare-dabbare.

Ba-Matsala ya dubi ƙyallen, ya dubi allon roba da ke tafin hannunsa. Ya jefa allon a aljihun kwat, ya naɗe hannun riga.

"Ba matsala, Baba," ya ce, a hankali yadda ko Kaka da ke kusa ba ta ji ba.